Babban Layin Sadarwa na Jihar Zamfara: Ina Rabon Anka da Bukkuyum da Gummi?

Gabatarwa

Duk wanda ya san Jihar Zamfara ya san cewa hanya guda ce ta riƙe ta, watau babban titin da ya taso daga Funtuwa, ya biyo ta Tsafe da Gusau da Bunguɗu da Maru da Talatar Mafara, ya miƙe zuwa Sakkwato. A gefen wannan titi ne aka jera mafi yawan abubuwan da jihar ke taƙama da su, tun daga gidan gwamnati da manyan asibitoci har zuwa jami'o'i da bankuna. To amma idan matafiyi ya baro Gusau ya iso mararrabar Mayanci, ya saki babban titi ya karkata hagu, sai ya faɗa wata ƙasa mai faɗi wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum da Gummi. A ƙidayar 2006 mutanen waɗannan ƙananan hukumomi uku sun haura rabin miliyan, kuma ba sai an faɗa ba, sun ƙaru ainun daga wancan lokaci zuwa yau.

A 'yan shekarun nan ana ta maganar shimfiɗa wayoyin intanet mai sauri a faɗin Nijeriya, domin a haɗa makarantu da asibitoci da ofisoshin gwamnati da wuraren kasuwanci. Magana ce mai daɗin ji, kuma babu mai hankalin da zai ƙi ta. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne tsoron kada wannan aiki, in ya iso Zamfara, ya bi sawun ayyukan da suka gabace shi, watau ya rungumi babban titi ya manta da na gefe. Ra'ayin da zan kare a cikin wannan maƙala shi ne, kamfanonin sadarwa ba za su kai babban layi ƙofar asibitoci da makarantun yammacin jihar ba muddin lissafin riba ne ke yi musu jagora. Saboda haka wajibi ne gwamnatin jiha ta tattara makarantunta da asibitocinta da ofisoshinta wuri guda, ta zama babban mai saye, sa'an nan ta gindaya sharaɗin cewa sai layin ya isa Anka da Bukkuyum da Gummi tun a zangon farko.

Mene Ne Babban Layin?

Kafin mu yi nisa, ya kamata mai karatu ya san abin da ake nufi da babban layi. Waya ce wadda a cikinta akwai zaruruwan gilashi, kowane ɗaya siririnsa kamar silin gashi, kuma ta cikinsu ne saƙo ke wucewa a siffar haske. Ana binne ta a ƙasa a gefen titi, ko kuwa a rataye ta a jikin turakun wutar lantarki. Turakun sadarwa, waɗanda jama'a ke kira ƙarfen sabis, su ne ke magana da wayar da ke hannunmu, amma su kansu sai sun sami inda za su miƙa saƙon. Turken da aka jona da wayar gilashi yana iya ɗaukar nauyin mutane da yawa a lokaci guda. Wanda kuwa yake miƙa saƙonsa ta iska daga wannan turke zuwa wancan, da zarar jama'a sun yi masa yawa sai ya gaza. Wannan shi ne dalilin da ya sa mutum kan ga alamar sabis a wayarsa, ya yi magana lafiya, amma in ya tashi tura hoto ko kuɗi sai abin ya tsaya cik.

Wanda ya san aikin noman rani na Bakolori, wanda aka kammala madatsarsa a 1978, ba zai sha wahalar gane tsarin ba. Akwai madatsa, akwai babbar magudana, sa'an nan akwai ƙananan magudanu da ke kai ruwa bakin gona. A sha'anin intanet, madatsarmu ita ce manyan wayoyin da suka ratso ƙarƙashin teku suka sauka a gaɓar Legas, irin su MainOne da Glo-1 a 2010, da Equiano a 2022. Ruwa ya taru a can maƙil. Babbar magudana ita ce layin da ke ɗauko shi daga gaɓar teku zuwa jihohi da ƙananan hukumomi, ƙananan magudanu kuwa su ne rassan da ke shiga cikin asibiti ko makaranta ko kanti. Manomin da babbar magudana ta wuce nesa da gonarsa, cikar madatsa ba ta amfane shi da kome ba.

Darasin Jirgin Ƙasa

Tarihin wannan ƙasa ya riga ya nuna mana abin da kan faru idan aka bar riba ta zana hanya. Turawan mulkin mallaka sun ja layin dogo daga Zariya, ya biyo ta Funtuwa da Gusau, ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929. Auduga da gyaɗa suka biyo, kuma inda suka ga kayan za su fi taruwa nan suka ajiye tasha. Sakamakon haka Gusau ta bunƙasa, kamfanoni da baƙi suka taru a cikinta, har ta kai ga zama hedkwata ranar 1 ga Oktoban 1996 da aka cire Zamfara daga Jihar Sakkwato. Anka kuwa, wadda ita ce mazaunin Sarkin Zamfara, da Gummi da Bukkuyum da ke gaba da ita, sai suka koma garuruwan da ake zuwa da niyya, ba waɗanda hanya ke biyowa da mutum ta kansu ba. Kusan shekara ɗari ke nan, amma har yau taswirar arzikin jihar tana ɗauke da zanen wancan dogo.

Da wayar salula ta zo a 2001, irin wannan lissafi aka sake yi. Kamfanoni suka fara da Legas da Abuja da Fatakwal, sa'an nan suka gangaro manyan birane, ƙauyuka suka zo a ƙarshe. Ba zargin kamfanonin nake yi ba, domin ɗan kasuwa ba ya zuba jari inda ba zai fitar ba. Kafa turke a wurin da ba tsayayyar wutar lantarki yana buƙatar a riƙa kai masa man dizal, kai man kuwa yana buƙatar hanya mai aminci, alhali mutanen da za su biya kuɗin kira a warwatse suke, kuma abin hannunsu kaɗan ne. Ita kanta dokar sadarwa ta 2003 ta yarda da wannan gaskiya, shi ya sa ta tanadi asusu na musamman, USPF, domin kai sadarwa wuraren da kasuwa ba za ta kai ba. Ashe ke nan jiran kasuwa ta tuna da Bukkuyum daidai yake da jiran gawon shanu.

Abin da Rashinsa Ya Jawo

Wani yana iya ganin wannan magana ta 'yan boko ce masu son hira a waya. Bari mu ɗauki sassan nan huɗu ɗaya bayan ɗaya, mu ga abin da ke cikin kowanne.

Mu fara da asibiti. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta Na-gari-na-kowa, watau MSF, waɗanda ke zagayen sa ido a kan cutar sanƙarau, suka sami labarin cewa yara ƙanana na ta mutuwa a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum. An yi zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, aka ba da magani bai yi aiki ba, sai da aka aika da jinin yaran Turai kafin aka tabbatar cewa gubar dalma ce, wadda ke tashi daga ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Abin ya shafi Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji da Duza da Bagega a Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum, kuma yara aƙalla 400 suka rasu. Binciken da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta taimaka aka yi a ƙauyuka biyu ya nuna cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda, watau ɗaya cikin kowane huɗu. Abin lura a nan shi ne, an ɗauki watanni ana binne yara kafin labarin ya isa kunnen wanda zai iya yin wani abu. Waya ba ta warkar da gubar dalma, wannan gaskiya ne. Amma da ƙananan asibitocin yankin suna aika lissafin masu rasuwa Gusau kowane mako, kuma akwai mai dubawa, da wuya a kai wannan adadi ba a farga ba. A yau Nijeriya tana da manhajojin tattara bayanan lafiya da na sa ido a kan annoba, irin su DHIS2 da SORMAS, sai dai dukkansu da intanet suke aiki. Haka kuma, likitan da ke Babban Asibitin Gummi ko na Anka zai iya nuna hoton ƙashi ko sakamakon gwaji ga ƙwararre a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, kafin a yanke shawarar ɗora majiyyaci a kan hanyar da kowa ya san haɗarinta.

Sai makaranta. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a ta koma ta kwamfuta baki ɗaya. Hukumar WAEC ta fara gwada tata a 2024 ga masu zana jarrabawa daga waje, kuma a 2025 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta bayyana niyyarta ta mayar da jarrabawar kammala sakandare kan kwamfuta. Ko an jinkirta ko ba a jinkirta ba, alƙiblar ta fito fili. Yaron da ya taso a Nasarawar Burkullu ko Ɗaki Takwas, wanda bai taɓa zama gaban kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, an haɗa shi tsere da yaron Gusau ko Kaduna alhali an ɗaure masa ƙafa. Bugu da ƙari, makarantun karkara na fama da ƙarancin malaman kimiyya da lissafi, kuma rashin tsaro ya sa malamai da dama ba sa son a tura su can. Layi mai ƙarfi zai ba malami guda da ke Jami'ar Tarayya ta Gusau, ko Jami'ar Jiha da ke Talatar Mafara, ko Kwalejin Ilmi ta Maru, damar koyar da azuzuwa da yawa a lokaci guda, ko horar da malaman da ke bakin aiki ba tare da sun bar garuruwansu ba.

Na uku shi ne ofishin gwamnati. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Idan ana son wannan hukunci ya amfani talaka, sai an iya bin sawun kuɗin, tun daga jerin sunayen masu karɓar albashi har zuwa kuɗin shiga na kasuwa da tasha. Sakatariyar da ke aiki da fayil da biro kaɗai, wadda sai an cika mota da takardu an nufi Gusau kafin a san abin da take ciki, ta fi kowace sauƙin ɓoye ɓarna.

Na huɗu, kasuwa. Kowa ya tuna ƙuncin da aka shiga a farkon 2023 lokacin canjin takardun naira, sa'ad da tsabar kuɗi ta ɓace, ciniki ya koma ta waya da na'urar POS. Wanda ke wurin da sabis ke da ƙarfi ya sha wahala, wanda ke inda ba shi da ƙarfi kuwa ya ga hatsinsa da dabbarsa sun faɗi warwas, domin sai mai tsaba a hannu ke iya saye. Daɗin daɗawa, a ƙasar da 'yan bindiga ke tare hanya, falken da zai iya karɓar kuɗinsa ta asusu ya rage wa kansa haɗarin ɗaukar damin kuɗi daga kasuwa zuwa gida.

Inda Aka Kwana

Ba a ce gwamnatoci sun zauna ba su yi kome ba. Tsarin ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya yi burin kashi 70 cikin ɗari na 'yan Nijeriya su sami intanet mai sauri, amma wa'adin ya cika alhali alƙaluman Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, suna kusa da kashi 50 ne kawai. Kafin wannan ma an ba wasu kamfanoni lasisin shimfiɗa waya shiyya-shiyya, har da arewa maso yamma, amma tsarin bai haifar da abin da aka zata ba. A 2024 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da wani sabon shiri, wanda aka laƙaba wa suna BRIDGE, na shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 a kan kimanin 35,000 da ake lissafawa, a kan kuɗi kimanin dala biliyan 2, da nufin ya taɓa dukkan ƙananan hukumomi 774. A 2025 Bankin Duniya ya amince da ba da rancen dala miliyan 500 domin aikin.

A ɓangaren jiha kuwa, akwai kuɗin da kamfani kan biya kafin a ba shi izinin haƙa gefen titi. An daɗe da yin matsaya a kan naira 145 kowace mita, amma jihohi da dama suka riƙa karɓar ninkin-ba-ninkin wannan. A 2025 hukumar NCC ta ambaci Zamfara cikin jihohi 11 da suka yafe wannan kuɗi ɗungurungum, kuma wannan abin yabo ne. Sai dai mu yi lissafi. A kan naira 145, izinin kilomita 100 bai wuce naira miliyan 14 da rabi ba. Ba wannan ne ke hana kamfani zuwa Gummi ba. Abin da ke hana shi shi ne rashin tabbacin wanda zai biya shi kowane wata bayan ya kashe kuɗinsa. Shi kuma shirin Tarayya, ko da ya cika alkawari ya kawo layi hedkwatar ƙaramar hukuma, babbar magudana ce kurum. Asibitocin da makarantun sakandare na jiha ne, don haka jan reshe zuwa cikinsu da biyan kuɗin amfani da shi nauyi ne da ba wanda zai ɗauke wa jihar.

Masu Ja da Wannan Ra'ayi

Na san akwai masu cewa, mutanen da aka kora daga gonakinsu, suna kwana a sansanin gudun hijira a Anka, abinci da tsaro suke nema, ba intanet ba. Wannan magana tana da nauyi, kuma ban ce a ɗebi kuɗin abinci a sayi waya ba. Amma rabon abincin kansa, da rajistar masu gudun hijira, da biyan tallafi, da kiran jami'an tsaro in an ga motsin mahara, duk a kan sadarwa suke tafiya a yau. Gulbin Zamfara ma, wanda ke yi wa Gummi ambaliya kamar yadda ya yi a daminar 2024, gargaɗinsa sai ta hanyar sadarwa zai riga ruwan isowa.

Akwai kuma masu cewa sadarwa ita ce makamin 'yan bindiga, da ita suke jin labari daga masu tsegunta musu, da ita suke cinikin kuɗin fansa. Wannan ra'ayi an riga an gwada shi. Ranar 3 ga Satumban 2021, bisa roƙon gwamnatin jiha ta lokacin Bello Matawalle, hukumar NCC ta umarci kamfanoni su rufe dukkan turakunsu a Zamfara. An ce na mako biyu ne. An mayar wa birnin Gusau da nasa a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuwa ba a ba da sanarwar mayar musu ba sai a ƙarshen Nuwamba. Mutane suka riƙa tafiya har Funtuwa domin su buga waya ko su ciri kuɗi, kuma wannan ya faru ne a shekarar da annobar amai da gudawa ta yi tsanani, Zamfara tana cikin jihohin da suka fi jin jiki. Bayan an sha duk wannan wahala, a makon farko na Janairun 2022 aka kai wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum hari mafi muni, inda gwamnati ta ce mutum 58 aka kashe, mazauna yankin kuwa suka ce sun kai wajen 200. Darasi biyu ke nan. Na farko, toshe sadarwa bai kawar da ta'addanci ba. Na biyu, da aka tashi sassautawa, na kan babban titi aka fara tunawa. Kuma da a ce jihar tana da layinta na kanta wanda ya haɗa asibitoci da ofisoshi, da an iya barin su suna aiki ko da an rufe wayoyin jama'a.

Waɗansu kuma sukan ce me ya kai mu haƙa rami alhali ga tauraron ɗan'adam, tun da Starlink ya fara aiki a Nijeriya a Janairun 2023? Lalle wannan yana da amfani ga ƙauye mai nisa irin Bagega, kuma ya kamata a yi aiki da shi a matsayin wucin gadi. Amma kuɗin na'urarsa da na wata-wata suna tafiya ne da farashin dala, kwano ɗaya ba ya ɗaukar gari guda, kuma linzamin yana hannun kamfanin waje. Wayar gilashi kuwa, in an binne ta da kyau, takan yi shekaru ashirin ko fiye tana aiki, kuma ana ƙara mata ƙarfi ta hanyar sauya na'urorin da ke bakinta kawai.

Hujja mafi ƙarfi ita ce ta masu cewa aikin gwamnati ba ya ƙarko. Suna da gaskiya, kuma abin bai tsaya ga Nijeriya ba. Jihar Kentaki ta Amurka ta ƙulla yarjejeniya a 2015 domin shimfiɗa layi mai tsawon mil 3,000 zuwa dukkan gundumominta 120. Aikin ya yi shekaru a makare saboda ba a gama daidaitawa da masu turakun da za a rataya wayar ba, kuma an gina lissafin biyan bashin a kan cewa makarantun gwamnati za su koma kan layin, abin da bai samu ba a lokacin. A 2018 mai binciken kuɗi na jihar ya ƙiyasta cewa aikin zai ci wa jama'a kimanin dala biliyan 1.5 cikin shekara 30. Amma akwai waɗanda suka yi suka ga amfani. Ruwanda ta kammala layi mai fiye da kilomita 2,000 a 2011 wanda ya taɓa dukkan gundumominta 30. Jihar Kerala ta Indiya ta ƙaddamar da nata, K-FON, a Yunin 2023, da burin haɗa ofisoshi da makarantu da asibitoci kimanin 30,000, ta hanyar rataya waya a turakun hukumar lantarkinta. Abin da za mu koya daga Kentaki shi ne a san mai biya kafin a fara haƙa.

Yadda Ya Kamata a Yi

Na farko, gwamnatin jiha, ta hannun hukumarta ta bunƙasa fasahar sadarwa, ZITDA, ta ƙirga dukkan manyan asibitoci da makarantun sakandare da sakatariyoyi da kotuna da ofisoshin 'yan sanda a ƙananan hukumomi 14, ta fitar da kwangila guda ta sayen intanet dominsu na shekaru masu yawa. Kada gwamnati ta ce ita za ta zama kamfanin waya. Ta bar masu sana'ar su gina su kula, ita kuwa ta riƙe matsayin mai saye, kuma kada ta biya sai a kan wurin da aka tabbatar yana aiki.

Na biyu, a ɗaure mai daɗi da mai wuya a dami ɗaya. Kamfanin da ke son cinikin ma'aikatun Gusau, dole ya ɗauki na Anka da Bukkuyum da Gummi tare da shi, kuma a rubuta cikin yarjejeniya cewa reshen da ya tashi daga Mayanci ya bi ta Anka da Nasarawar Burkullu da Ɗaki Takwas zuwa Gummi, da wanda zai ratse zuwa garin Bukkuyum, suna cikin zangon farko. Zango na biyu a ƙasar nan sau da yawa suna ne na aikin da ba za a yi ba.

Na uku, kada layin ya zama mai ƙofa ɗaya. Hukumar NCC ta ce an sami yankewar waya fiye da sau 19,000 a ƙasar nan tsakanin Janairu da Agustan 2025, mafi yawa daga masu aikin hanya da ɓarayi. Idan layin ya ƙare a Gummi, yanka guda a kusa da Anka zai jefa duk yankin cikin duhu. Sai a nema masa mafita ta biyu, ko ta hanyar Ɗaki Takwas zuwa Zuru a Jihar Kebbi, ko ta wajen Sakkwato, domin in an yanke ta nan saƙo ya zagaya ta can. Umarnin Shugaban Ƙasa na 2024 ya sa kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da taɓa su babban laifi ne, amma doka daga Abuja ba ta gadin rami a daji. Sarkin Zamfaran Anka da Sarkin Mafaran Gummi da Sarkin Dankon Bukkuyum, da hakimansu da dagatansu, su ne za su iya sa jama'a su ɗauki wayar a matsayin tasu, musamman in an ɗauki 'ya'yan yankin aikin haƙa da gyara.

Na huɗu, a bar layin a buɗe. Duk kamfanin waya ko ƙaramin ɗan kasuwa da ke son jona turkensa ko shagonsa, a sayar masa a kan farashi ɗaya da aka bayyana. Ta nan ne amfanin zai fita daga harabar asibiti ya isa kasuwa da gidajen mutane, kuma ta nan ne kuɗin kulawa zai riƙa shigowa.

Na biyar, kowane wuri da aka jona a haɗa masa wutar hasken rana da batir, a horar da mutum biyu daga ma'aikatansa, a kuma sa kuɗin gyara cikin kasafin kowace shekara. Mun sha ganin ɗakunan kwamfuta da aka buɗe da kiɗa da jawabi, bayan shekara guda ƙura ta rufe su saboda ba wuta, ko ba wanda ya san yadda za a kunna.

Na shida ya shafe mu kai tsaye, mu da malamanmu a wannan sashe. Ungozoma a 'Yargalma da manomi a bakin gulbi da Hausa za su yi amfani da abin da layin ya kawo. Bayanin haɗarin dalma, da darussan firamare, da takardun neman tallafi, da kalmomin da za a kira waɗannan na'urori da su, duk suna jiran masu fassara da masu rubutu. Idan ba mu yi ba, za a kawo magudana har bakin gona a tarar ba a tanadi iri ba.

Kammalawa

A cikin wannan maƙala mun ga abin da babban layi yake, mun ga yadda jirgin ƙasa da wayar salula suka bi inda riba take suka bar yammacin Zamfara a baya, mun kuma ga abin da jinkirin labari ya jawo a 2010 da abin da toshe sadarwa ya jawo a 2021. Kuɗin Tarayya da na Bankin Duniya suna kan hanya, kuma a irin wannan lokaci ne ake zana taswira, in an zana ta kuwa sai a ɗauki shekaru ba a sake ba. Saboda haka ina kira ga 'yan majalisar da ke wakiltar Anka da Bukkuyum da Gummi, da sarakuna, da ƙungiyoyin ɗalibai na yankin, su nemi a nuna musu taswirar tun kafin a sa hannu. Ranar da aka zo ba da rahoton nasara kuma, kada mu yarda a ƙirga mana kilomita. A gaya mana asibiti nawa da makaranta nawa ne ke aiki da layin a yammacin Mayanci, a kuma faɗi sunayensu, domin mu je mu gani da idonmu. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.